Yaren da Na Karɓo Daga Bakinki

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farkon da ke sauka bayan an gaji da kallon sama. Zuwa ga uwar ɗiyata, abokiyar musuna, wadda ba ta taɓa bari na ci gardama ba ko da ni ke da gaskiya. Sallama gare ki irin ta wanda ya leƙa rami ya dawo, da gaisuwa mai yawan ganyen bishiyar ƙofar gidanmu, wannan da kike yi mini mita kullum don ban share ƙarƙashinta ba.

Ina zaune a shagon mai shayin da ke kallon ƙofar bayan otal ɗinku. Daga nan ina hango tururi yana fita ta tagar ɗakin wanki, na san kina ciki tsakanin zannuwan gado da injin guga, wayarki a kulle cikin akwatin ma'aikata, zuciyarki kuwa tana can wajen jarrabawata. Zan ba mai gadi takardar nan ya miƙa miki lokacin hutu. Na san halinki sarai: idonki zai zarce ƙarshe ya nemo ko na ci ko na faɗi, ko za a mayar mini da lasisin koyar da tuƙi ko kuwa aikin ya tafi ke nan. Don Allah kada ki yi. Amsar tana nan, ba ta da ƙafar gudu. Ki bari in fara sauke abin da ya fi ta nauyi a ƙirjina. Ki kuma yi haƙuri da rubutun, hannun daman nan har yanzu yana da nasa ra'ayin.

Masoyiyata, tun ranar da muka sauka garin nan musu ɗaya muke yi, sai dai mu sauya masa riga. Ni ina cewa in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi taka ka ɗaura. Ke kina cewa wutsiyar aro ba ta korar ƙuda. Na rungumi yaren mutanen garin hannu bibbiyu, na shiga cikinsa har wuya, da shi nake lissafi, da shi nake fushi a kan titi, har mafarki da shi nake yi. Ke kuma kika ɗebi iya abin da zai ishe ki aiki da kasuwa da asibiti, kika ce sauran su riƙe kayansu. Kika raɗa mini Ɗan-gari, ni kuma na raɗa miki Baƙuwa. Har gobe ban ce na yi kuskure ba, domin yaren nan shi ya sa mana rufi a kai, shi ya kai ɗiyarmu Auta makaranta. Amma ke ma ba ki taɓa cewa kin yi kuskure ba, kuma ga shi an daɗe ana tafiya.

Kin tuna lokacin da na koya miki tuƙi? Ni dai ban manta ba, kuma ba na jin shingen furannin makarantar nan ya manta. Na kafe a kan cewa da yarensu zan koya miki, tunda allunan titi ba Hausa suke yi ba. Kika ce to. Muka shiga motar aikina mai birki biyu, ɗaya a ƙafarki ɗaya a tawa. Kika saki mota tana gangarawa a hankali ta nufi shingen, na ce ki tsaya da yarensu, kika yi kamar da bango nake. Na maimaita, kika gyara zama. Tsabar ruɗewa, ni malamin tuƙi guda na manta ina da nawa birkin, sai ji na yi bakina ya ce, "Wayyo, tsaya mana, baiwar Allah!" Nan take kika taka, ƙiii. Kika juyo da wannan murmushin naki mai kashe mini jiki kika ce, "Ashe dai Hausar na nan, Ɗan-gari. Na ɗauka ka jinginar da ita." Na yi fushi ranar, fushin gaske. Amma ko a cikin fushin na ga yadda rana ta sauka a gefen fuskarki, na ce a raina wannan matar ita ce ajalina.

Sai ga safiyar da kofin shayi ya suɓuce daga hannuna, ɓarin jikina ya ƙi jin umarni. Abin da ya biyo baya ke kika san shi, ni labari aka ba ni. Abin da na sani shi ne na buɗe ido a asibiti, likita yana yi mini tambaya, ina jin duk abin da yake faɗi tsaf, na buɗe baki in amsa, babu. Kalmomin suna nan, ina jin motsinsu kamar kaji a akurki, amma an rufe ƙofar an tafi da makulli. Hausa kuwa sai ta ɓalle kamar an fasa tulu! Har da kalmomin kakata da rabon da in ji su tun ina yawo ba takalmi. Likitan ya ce hakan kan faru ga masu harshe biyu, wani lokaci wanda ya fara shiga shi ke tsayawa. Ke kika tsaya tsakanina da su kina fassara, ke da nake yi wa dariya in kina ciniki da mai kayan miya.

Abin mamaki, da kaina ya koma tunani da Hausa zalla sai na tarar da wani mutum a cikina da na daɗe ban gaisa da shi ba. Da yarensu ni mutum ne na dama, hagu, rage gudu, dubi madubi. Maganata a miƙe take kamar titi, ba kwana ba ratse. Da Hausa kuwa ashe ni mai surutu ne, mai zolaya, mai fara labari daga kakan kakansa. Wa ya sani? Ke kika sani. Shi kika aura, shi kika yi ta cigiya shekara da shekaru a cikin gidanki.

Don haka na ce a wurinki abin nema ya samu. Watannin farko bayan an sallamo ni, kin tuna yadda muke zama a kicin da la'asar, kina yanka albasa ina ba ki labarin yarintata, kina dariya har kina riƙe ciki? Ban taɓa ganin fuskarki ta yi haske irin na lokacin ba. Kin yi kyau kamar gona bayan ruwa, har tafiyarki ta sauya. Kowa kuma ya taya ki. Aminina mai aski ya ce, "Kai bar wahalar nan, zo ka zauna mini a shago, mu nan ko madubinmu Hausa yake ji." Yayanki ya bugo waya ya ce mu tattara mu koma gida, ai Allah ne ya nuna mana hanya. Da kin ce mu bi ɗaya daga cikinsu, wa zai ga laifinki? Da kin yi shiru kawai kin bar abin yadda yake, wa zai ma sani?

Amma uban gidana a wurin aiki ya riga ya faɗa mana gaskiya: zai riƙe mini gurbina na wani lokaci, ba har abada ba. Hukuma kuma ba za ta mayar mini da lasisi ba sai na zauna gefen wata mai jarrabawa, ita tana tuƙi kamar ɗaliba, ni ina ba da umarni da yarensu, kowace kalma a kan lokacinta. Kuma suna da gaskiya. Malamin tuƙin da kalma ke maƙale masa a wuya ai makashi ne. Ga kuma Auta. Takan zauna kusa da ni ta ce, "Sannu Baba, ya jiki?" in ce da sauƙi, shi ke nan guzurin Hausarta ya ƙare. Ta yi mini magana da yaren da ta tashi da shi, in ji, in kasa mayarwa. Uba da 'ya mu yi ta kallon juna kamar baƙi a tasha. Wannan ya fi ciwon kansa ci mini rai.

Ban faɗa miki ba. Ban taɓa cewa ina kewar aikina ba, saboda na ga kina farin ciki, ban so in zuba miki ƙasa a abinci. Amma ke ido gare ki. Kin kama ni ba sau ɗaya ba a bakin taga ina kallon motar a ƙarƙashin bishiya, tsuntsaye sun mayar da ita bayan gidansu. Wata safiya kika dire mini kofi a gabana, kika tsaya kika riƙe ƙugu, kika kafa doka: daga yau babu Hausa a gidan nan sai na ci jarrabawa. Kuma da yarensu kika faɗe ta! Na yi dariya na ɗauka wasa ne. Na ce miki, "Baƙuwa, yau kuma me kika sha?" Kika dube ni kamar ba ki taɓa jin Hausa ba tun da aka haife ki.

Ya ke farin watana, ko kin san girman abin da kika yi? Dokar da na yi shekaru ina so in kafa kina rushewa, ita kika ɗauko da hannunki kika ɗora wa kanki. Mijin da kika daɗe kina nema ya dawo, ya zauna miki a kicin, kika kama hannunsa kika mayar da shi inda kika san zai iya sake ɓace miki. Wace mace ce ke yin haka? Wace zuciya ce wannan Allah ya sa miki? Likitar magana da asibiti ya haɗa ni da ita takan gan ni jefi-jefi, ta nuna mini hotuna in faɗi sunayensu, ta sallame ni. Sauran yinin duka ke ce. Cokali, ƙofa, takalmi, gishiri, sai na faɗa da yarensu kafin ki miƙo. Kina tuntuɓe a cikin yaren, kina faɗuwa kina tashi, Auta tana gyara miki kina harararta, amma ko sau ɗaya ba ki zame ba.

Sannan filin ajiye motocin nan na kasuwar da aka rufe. Kai, ramuwar gayya ta fi gayya zafi! Kika kwaso kwalayen sabulu daga wurin aikinku kika jera a tsakiyar fili, kika ce kowane kwali tsohuwa ce mai tsallaka titi. Kika zauna a sitiyari, kika sa na naɗe ƙafafuna ƙarƙashin kujera don kada in taɓa birkina, kika ce bakina kaɗai ne birki. Ki saki mota ta nufi kwali, in ce "Tsaya!" da Hausa, ki yi kunnen uwar shegu. In ce "Tsaya mana!" sai ji kake ruƙus. Ki juyo ki ce da yarensu, da wannan muryar taki mai sanyi, "Malam, ka sake kashe tsohuwa." Allah kaɗai ya san yawan tsofaffin da na kashe a filin nan. Ki fita, ki ɗaga kwalin, ki buga shi ya miƙe, ki dawo. Wani lokaci ki ƙi duba madubi da gangan, wani lokaci ki kunna sigina ta hagu ki karya dama, duk don ki ga ko bakina zai riga ki.

Akwai ranar da na gaji. Na ce miki na haƙura, a sayar da motar, zan je in zauna wa mai aski ina share gashi. Na faɗi maganganu da Hausa masu zafi, ina sane ba za ki amsa ba. Kika bari na zazzage tas, hannuwanki a kan sitiyari, idonki a gaba. Da na gama kika ce da yarensu, "Ka gama? To tsohuwa tana jira." Ranar ce kuwa, ba wata ba, kalmar ta fito mini a kan lokaci. Ban san ta inda ta biyo ba. Motar ta tsaya cak, saura taki ɗaya ta taɓa kwalin. Kika kifa goshinki a kan sitiyari, kafaɗunki suna rawa. Can kika ɗago, kika share fuska da gefen mayafi, kika ce mu sake.

Yanzu bari in faɗa miki abin da ba ki san na sani ba. Wata la'asar na dawo da wuri daga tattakin da likita ta ce in riƙa yi. Na hau bene a hankali, na tarar da ƙofa a buɗe. Sai na jiyo Hausa a cikin gidana! Na ce a raina yau baƙi muka yi. Na leƙa, ba kowa, ke kaɗai ce kina guga. Da rigata kike magana. Kina ce mata, "Ke kuma wannan wuyan naki, taurin kai kamar na mai ke." Kika ci gaba kina ba ta labarin yadda shugabarku ta ɓata miki rai da safe, da yadda kika yi mafarkin Inna, da yadda bayanki ke ciwo ba ki faɗa wa kowa ba. Riga, masoyiyata! Rigata ta samu hirar da ni na rasa. Ashe duk watannin nan kina yini da yarensu a wurin aiki, ki dawo gida ki ɗora da shi saboda ni, ba ki da inda za ki sauke harshenki ya huta sai a kan tsumma. Na tsaya a bayan ƙofar nan hawaye yana bin gemuna. Na koma ƙasa a hankali, na sake hawowa ina tari ina kaɗa makullai don ki ji zuwana. Kika tare ni da yarensu, fuskarki a sake, kika tambaye ni ko tafiyar ta yi daɗi.

Na gode. Na gode, na gode, har bakin ya gaji ya bar wa zuciya. Da ina da bakin mawaƙa da na tara miki jama'a, amma ni malamin tuƙi ne, abin da na iya ke nan.

To, ga abin da kike jira. Mai jarrabawar wata siririyar mata ce mai furfura, ba ta dariya. Ta yi duk irin wayonki, sai dai ba ta kai ki mugunta ba. Ta ƙi duba madubi, na faɗa. Ta shiga shataletale da gudu, na faɗa. A wata kwana wani mai keke ya faɗo mana ba zato, wannan kam ba ya cikin shirinta, na ga ita ma ta firgita. A cikin kaina Hausa ce ta fara zuwa, ba zan ɓoye miki ba, kuma ina jin haka za ta riƙa yi har in mutu. Amma ɗayar tana manne da diddiginta kamar maraƙi da uwarsa, kuma ita ce ta fita ta baki. Motar ta tsaya. Mai keke ya wuce yana ɗaga hannu. Da muka koma ofis matar ta rufe fayil ɗinta ta ce in koma bakin aikina.

Na ci, Baƙuwata. Na ci! Mun ci!

Uban gidana yana jira a waje, ya rungume ni har ya kusa karya mini haƙarƙari. Muna cikin magana sai ya tsaya yana kallona yana murmushi. Ya ce, "Ka san maganarka ta sauya? Da can in ka ɗaga waya ba mai cewa ba a nan aka haife ka ba. Yanzu kuwa sak matarka." Ya ce kada in damu, likitar magana za ta iya goge mini shi a hankali, har ya ce zai nema mini lokaci a wurinta.

Na saurari kaina, wallahi gaskiya ya faɗa. Yadda kike jan ƙarshen kalma, yadda kike sa mata wutsiyar da masu ita ba su sa mata ba, yadda muryarki ke hawa ta sauka kamar mai rarrashin yaro, duk ga su a bakina. Ni da na yi shekaru a gaban madubin banɗaki ina kankare harshena don kada a gane daga inda na fito! Yaren ya tafi da kayan da na saya masa, ya dawo sanye da naki. Ta ina kuwa zai dawo in ba ta bakinki ba? Na ce wa uban gidana na gode, amma a bar shi. Ba mai taɓa mini shi. Duk wanda zan koya wa tuƙi daga yau, da muryarki zai rage gudu, da muryarki zai tsaya, ya koma gida lafiya wurin iyalinsa bai san wa zai gode wa ba. Ni na sani.

Kada ki ce kin ci musun, don ban sallama ba. Har yanzu ina nan a kan cewa baƙo ya koyi maganar masu gida, ya iya ta sosai. Sai dai yanzu na san ba sai ya bar tasa a bakin ƙofa kamar takalmi ba. Ki kira shi canjaras in kina so, ni ba zan ƙara ko uffan ba.

Roƙona ɗaya ne, kuma saboda shi na cika takardar nan. Ki janye dokar. Sharaɗin ya cika, ya ke mai alƙawari, ki dawo mini da muryarki ta gaskiya. Na yi kewarta kamar yadda ƙasa ke kewar ruwa, na yi kewar mitarki, na yi kewar habaicinki, har faɗanki na yi kewa. Ki ba ni labarin shugabarku, da mafarkin Inna, da ciwon bayan nan da za mu je a duba shi ko kin ƙi ko kin so. Ni kuma na yi miki alkawari, wanda kika zauna da shi a kicin ba zai sake ɓacewa ba. Zai fita da safe ya yi dama da hagu da mutanen gari, da yamma ya dawo miki da surutunsa. Auta ma za mu ja ta ciki a hankali, ta yi tuntuɓenta mu gyara mata, ta harare mu.

Shayina ya huce tun ɗazu, mai shagon ya fara kallona. Ba zan motsa ba. Idan kun tashi ki fito ta ƙofar baya, ki dubi tsallaken titi, za ki ga wani mutum a tsaye da hularsa a hannu. Kada ki ce masa ya yi ƙoƙari, kada ki ce masa barka. Ki dai yi masa magana da Hausa, ko me ya zo bakinki, ko zagi ne zai karɓa.

Naki tun farko, naki yau, naki har ranar da za a rufe mini ido, da kowane harshe aka tambaye ni,

Mijinki, Ɗan-gari.